Garmar Ture Dusar Ƙanƙara a Gaban Ƙaramar Tarakta: Nazarin Wata Hanya Mai Gangare

Hanyar da ake magana a kanta ta tsakuwa ce, tsawonta kusan mita 300. Ta taso daga babban titi ta hau tudu zuwa wani gida da ke ware shi kaɗai. A tsakiyarta akwai kwana mai tsini daidai inda hawan ya fi tsanani, da ramin magudanar ruwa a hannun dama in kana hawa, da kwalbatin siminti wanda bakinsa ya ɗan ɗago sama da tsakuwa. Yankin irin wanda dusar ƙanƙara ke sauka wata huɗu ko fiye a shekara ne, wani lokaci busasshiya marar nauyi, wani lokaci jiƙaƙƙiya mai danƙo.

Mai gidan yana da ƙaramar tarakta mai jan taya huɗu. Injinta bai cika ƙarfin doki 25 ba, nauyinta wajen kilo 1,200, lodar da ke gabanta, wato hannuwan ƙarfe masu ɗaga bokiti, kuma ta ƙara mata kusan kilo 400. Da bokitin lodar ya daɗe yana share hanyar, kuma duk wanda ya taɓa yi ya san wahalarsa: ka tura kaɗan bokiti ya cika, ka ja baya, ka juya, ka zubar, ka dawo. Abin da yake nema shi ne garma a gaba, wadda za a karkatar ta riƙa zubar da dusar gefe yana tafiya ba tsayawa. An kira ni ne bayan garmar farko da ya saka ta kusa jefa shi rami.

Garmar farko

Ta hannu ce ya samu, faɗinta inci 84, wato santimita 213, nauyinta ya doshi kilo 350. An ƙera ta ne don ƙananan motocin lodi masu juyawa a wuri ɗaya, waɗanda nauyinsu kan kai tan 3. Abin da ya ruɗe shi kuwa mai sauƙin ganewa ne. Lodar taraktarsa tana da faranti mai sakata biyu da ake maƙala kayan aiki a kansa, irin wanda kamfanin Bobcat ya fito da shi a farkon shekarun 1970, wanda daga baya ya zama ruwan dare a kan lodar taraktoci da yawa. Ya tura farantin, ya shige, ya danna sakatu, suka kama. A ganinsa tunda ta shiga, ta dace. Faranti kuwa ba ya tambayar nauyin abin da ke bayansa.

A busasshiyar dusa ta farko komai ya tafi daidai. Da jiƙaƙƙiya ta sauka, kaurinta kamar santimita 20, sai labari ya canja. Yana hawa, garma a karkace zuwa dama, da ya iso kwanar sai sitiyari ya zama ba shi da amfani. Yana murzawa, tayoyin gaba suna juyawa, amma hancin taraktar yana zamewa inda ya ga dama. Da ya ja baya don ya gyara, tayar baya ta dama ta sauka bakin ramin. Allah ya kiyaye, ba ta kife ba.

Ya ɗauka ƙarfin inji ne ya gaza, har ya fara tunanin sauya tarakta. Injin bai taɓa shaƙewa ba a ranar. Tayoyi ne suka rasa riƙon ƙasa, kuma dalilai uku ne suka taru a kansu.

Na farko nauyin dusar ne. Sabuwar busasshiyar dusa takan auna kilo 50 zuwa 100 a kowace mita mai fuska shida daidai, wato tsawo da faɗi da zurfi duk mita ɗaya. Jiƙaƙƙiya takan kai 300 ko ta wuce. A lissafa: garma mai share faɗin mita 1.85, kaurin dusa santimita 20, kowace mita ɗaya da aka yi gaba an kwashi fiye da kilo 100. Daga titi zuwa gida, zuwa ɗaya tak, an ture sama da tan 30. Taraktar da ke wannan aikin, da ita da lodarta da direbanta ba su kai tan 2 ba.

Na biyu karkatar garmar. Da zarar an karkatar da ita digiri 30, dusar ba baya kawai take turawa ba, tana tura gefe ma, kuma ƙarfin da ke tura gefen zai iya kai kusan rabin wanda ke tura baya. Inda wannan ƙarfi ya kama shi ne abin dubawa. Garmar tana rataye can gaba, wajen mita ɗaya da rabi daga aksul ɗin gaba, domin ga tsawon hannuwan loda, ga kuma doguwar ƙirar garmar kanta. Kamar mutumin da ya riƙe bokitin ruwa da miƙaƙƙen hannu ne, ɗan ture kaɗan ya isa ya juya shi.

Na uku shi ne wanda na fi so a tsaya a kansa, don nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Garmar ba ta da wani sassauci na kanta, a ƙame take da farantin. Don ta bi tudu da kwarin hanya, dole ya tura sandar loda gaba har ta maƙale a matsayin saki, inda man haidirolik ke kai da komowa a silindar ɗagawa ba abin da ya tare shi. To hannuwan loda a sama suke manne da jikin tarakta, kusa da sitiyari, bayan aksul ɗin gaba. Idan garma ta ci karo da nauyi a ƙasa, tayoyin baya kuma suna ci gaba da turowa, hannuwan sai su zama tsani, taraktar ta fara hawa kansu. Tayoyin gaba su yi sakayau, wani lokaci har ka ga haske a ƙarƙashinsu. Ga shi kuma a matsayin saki nauyin loda da na garma duk ya koma kan ƙasa, ya bar aksul ɗin gaba. Daidai lokacin da ake buƙatar tayoyin gaba su riƙe ƙasa su yi jayayya da turin gefe, lokacin ne aka cire musu nauyi.

Zaɓi

Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai garma mai nata firam da ake ɗaurewa a ƙarƙashin tarakta, ko kuma wata mai hawa kan loda amma wadda aka ƙera don ƙaramar tarakta.

Ta firam ta fi kyau a tuƙi, ba na shakka. Tana zaune dab da hancin tarakta, turin yana bi ta ƙasa ya shiga shasi kai tsaye, hannuwan loda ba sa shan murɗa, ana kuma ganin bakinta daga kujera. Da taraktar ta kasance cikin 'yan ƙananan nan masu nauyin kilo 700, da ita kaɗai zan ba da shawara. Illarta ita ce a yawancin taraktoci sai an sauke loda kafin a saka ta, kuma firam ɗin na samfurin tarakta ɗaya ne, ran da aka sayar da taraktar sai a nemi wani. Mai gidan kuwa yana buƙatar bokiti cikin hunturu. Babbar motar share titi takan bar masa ganuwar dusa mai tauri a bakin hanyarsa, wadda garma ba ta iya mata komai sai an ɗebe ta. Sauke loda da mayar da ita cikin sanyi, hannu a ƙage, ba abin da mutum zai jure yi kowane mako ba ne. Aka tsaya a kan mai hawa loda, da sharuɗɗa.

Sharaɗin da ba a sassauta ba shi ne garmar ta kasance tana da sassaucin kanta. Wasu ana rataye su da sarƙa, wasu kuma fin ɗinsu yana zamewa cikin dogon rami, yadda garmar za ta hau ta sauka 'yan santimita ita kaɗai, loda kuwa tana tsaye cak a inda aka ajiye ta. Da haka nauyin loda yana nan a kan tayoyin gaba, tsanin nan kuma bai samu ba. Aka kuma nemi wadda ke iya ɗan jirkicewa hagu da dama, domin hanyar tsakuwa tsakiyarta a ɗage take don ruwa ya gangare, garma mai ƙamewa kuwa gefe ɗaya za ta ci, ɗayan ya rataye. Sai gajeren wuya, wato tazara kaɗan tsakanin faranti da faifan garmar. Sai sifirin na kariya, wanda zan dawo kansa.

Faɗi kuma da awo aka fitar da shi. Garma in ta karkata faɗinta raguwa yake yi. A digiri 30 abin da ya rage kashi 87 cikin ɗari ne: mai inci 60 ta koma 52, mai 72 ta koma 62, mai 78 ta koma 67 da rabi, mai 84 ta koma kusan 73. Dole ta share fiye da faɗin tayoyin baya, in ba haka ba taya za ta riƙa taka dusar da ba a share ba tana danne ta ta zama ƙanƙara. Faɗin taraktar a bayan taya inci 60 ne, don haka mai 72 ta isa a takarda. Amma an riga an san za a sa sarƙa a tayoyin baya, kuma tazarar da ke tsakanin taya da jikin taraktar ba ta isa sarƙa ta wuce ba sai an sa zoben ƙarfe mai kaurin inci ɗaya da rabi a kowane gefe don tura tayar waje. Faɗi ya koma 63, garma a cikakkiyar karkata kuwa 62.

An daɗe a kan wannan inci ɗaya. Mai 78 za ta rufe shi, amma da ƙarin nauyi da ƙarin turin gefe, abin da ake gudu tun farko. Ra'ayina shi ne a ɗauki mai 72 a riƙa tsayar da ita wajen digiri 20 zuwa 25, inda take share inci 65 zuwa kusan 68. A jiƙaƙƙiyar dusa dama ƙaramar tarakta ba ta son cikakkiyar karkata. Haka aka yi. Nauyinta wajen kilo 170, rabin na waccan.

Ɗaurawa

A kan daɓen siminti mai lebur aka yi aikin, kuma wanda ba shi da irin wannan wuri ya nema kafin ya fara. Shigar da farantin ba wuya, sai dai a durƙusa a leƙa a tabbatar harsunan sakatu biyun sun fito ta ramukansu na ƙasa. Hannun sakata yana iya kwanciya alhali harshen bai shiga ba, musamman in ƙanƙara ta cushe ramin.

Saitin da ya fi cin lokaci shi ne na lebur. Garmar tana juyawa ne a kan wani babban fin, kuma dole fin ɗin ya tsaya a miƙe sak, wuyan garmar kuma ya kwanta daidai da ƙasa. In farantin ya ɗan sunkuya gaba ko ya ɗan kwanta baya, ba za ka ga komai ba muddin garmar tana fuskantar gaba. Da ka karkatar da ita sai kusurwa ɗaya ta nutse ƙasa, ɗayar ta ɗaga har ka iya zura hannu. Muka riƙa ɗaga loda kaɗan, mu lanƙwasa faranti kaɗan, mu karkatar hagu, mu karkatar dama, har kusurwoyin biyu suka zauna a siminti ta kowane ɓangare, fin ɗin sassaucin kuma yana tsakiyar raminsa, da sauran wuri sama da ƙasa. Daga nan aka shafa jan fenti a sandar da ke nuna lanƙwasar bokiti, aka kuma yi alama a silindar ɗagawa. Cikin duhun asuba, dusa na sauka, waɗannan alamu biyu kawai direba zai iya gani.

Karkatarwa ta haidirolik ce. Akwai masu fin da ake cirewa da hannu, kuma ga gajeren fili sun isa, amma a hanyar da ake sauya ɓangare a kowane zuwa mutum zai gaji da sauka, ƙarshe ya daina sauyawa. Taraktar ba ta da layin mai na uku a gaba, sai aka saka mata bawul mai aiki da lantarki, da maɓalli biyu a kan sandar loda. Kawunan tiyon garmar masu shafaffen baki ne, na taraktar kuwa irin na kayan noma ne masu ɗan tsini a ciki. Ba sa shiga juna, sai aka sauya ɓangare ɗaya. An bi da tiyo ta jikin hannun loda, aka ɗaure, sannan aka ɗaga loda har ƙarshe, aka lanƙwasa faranti gaba da baya, ana kallon inda zai ja ko ya matse. A gwajin farko garmar ta riƙa bugawa da ƙarfi in an taɓa maɓalli, don silindarta ƙanana ne, man yana cika su nan take. Ɗan matsattsen ƙarfe mai ƙaramin rami da aka sa a layin ya kwantar da ita.

Akwai bawul ɗaya da ba zan yarda a bari ba, wanda ke haɗa silinda biyun. Idan kusurwar garma ta bugi abu mai tauri, yana buɗewa ya bar mai ya tsallaka ɗaya silindar, garmar ta juya ta kauce. In babu shi, bugun yana tafiya kai tsaye cikin tiyo ko hannun loda, kuma hannun loda an yi shi ne don ɗaga kaya sama, ba ya jure murɗa ta gefe. Wanda ya taɓa ganin lodar da ta karkace, bokitinta gefe ɗaya ya riga taɓa ƙasa, ya san gyaranta ba ƙaramin aiki ba ne. Matsin man a irin waɗannan taraktoci ya haura bar 150. Kada a nemi yoyo da yatsa, da kwali ake nema, domin siririn mai a wannan matsi yana huda fata, kuma rauni ne na asibiti nan take ko da bai yi zafi ba.

Sifirin kuwa su ne ke riƙe faifan garmar a tsaye. In bakinta ya ci karo da dutse ko bakin kwalbati, faifan ya kife gaba, ya tsallake, sifirin su dawo da shi. An ɗaure notinsu har zagayen sifirin suka fara rabuwa, yadda ɗan siririn kati zai shiga tsakani. Akwai fin na kulle wannan kifewar don aikin ƙasa. Na ce a cire shi a ajiye a cikin gida har bazara.

Bakin garmar na ƙarfe ne mai juyuwa, in gefe ɗaya ya cinye a kifa ɗayan. Roba ta fi dacewa da daɓe mai ado, amma ba ta kankare dusar da mota ta riga ta taka. A bayan faifan akwai takalma biyu masu kan laima, ana daidaita tsayinsu da ƙananan zobba na ƙarfe. Aka sa su yadda bakin zai tsaya kamar santimita 2 sama da ƙasa, don kada ya kwashe tsakuwa.

Nauyi da taya

Mai gidan ya so ya cika akwatin nauyi na baya maƙil da siminti. Nan ma an gudu ba a tsira ba, domin duk abin da aka rataya a bayan aksul ɗin baya yana ɗaga gaba. Ana buƙatarsa in loda na ɗauke da kaya a sama, littafin lodar ma ya faɗi adadinsa, amma in garma na ƙasa, yawansa rage wa tayoyin gaba riƙo yake yi. Aka zuba ruwan nauyi marar daskarewa a tayoyin baya, kashi uku cikin huɗu. Wannan nauyi a kan taya yake zaune, bai taɓa gaba ba. An zaɓi wanda ake yi da ruwan gwoza mai sukari, lita ɗaya wajen kilo 1.3, saboda ruwan gishirin kalsiyam yana cin ƙarfen wili in ya yi yoyo. Akwatin kuma aka bar shi rabi.

Tayoyin taraktar irin R4 ne masu faɗin tudu da taurin roba. Suna da ƙarko a aikin loda, a kan ƙanƙara kuwa santsi gare su. Sarƙa mai gicciye kusa da kusa aka sa a baya. A gaba ba a sa ba, don littafin taraktar bai yarda ba, kuma aksul ɗin gaba ƙarami ne.

Yadda ta kasance

A jiƙaƙƙiyar dusa ta gaba sitiyari ya amsa. Hancin yana ɗan jan gefe in dusa ta taru a gaban garma, amma da an rage karkata ko an ɗauki rabin faɗi sai ya daidaita. Mai gidan ya sauya tsarin aikinsa ma. Kwanar nan yana gangarowa yake share ta, nauyin taraktar na taimaka masa, yana zubarwa ta ɓangaren ramin. An kafa sanduna masu ƙyalli a bakin ramin da kan kwalbatin tun kafin ƙasa ta daskare. Kwalbatin ya kifar da faifan sau ɗaya duk da haka, da ƙara mai firgitarwa, ya dawo ba abin da ya lanƙwashe, saboda a hankali ake tafiya, ƙarfen kariya na saman kujera a tsaye, bel a ɗaure.

Takalman ba su yi aikin da aka zata ba a farkon hunturu. Ƙasa ba ta gama daskarewa ba, sai suka riƙa nutsewa cikin tsakuwa suna jan layi biyu. Aka sami bututun ƙarfe, mai walda ya tsaga shi ta tsawo, aka zura shi a bakin garmar, sai ya riƙa zamewa a kan tsakuwa yana barin siririyar dusa da ta danne ta zama shimfiɗa. Da ƙasa ta yi tauri aka cire shi. Notin bakin garmar da na farantin sun ɗan saki bayan aikin farko, aka sake ɗaure su. In an sauke garma kuma ana haɗa kawunan tiyonta biyu da juna, don kada matsi ya taru a ciki ya hana su shiga washegari.

Abu ɗaya ya rage, kuma garma ba za ta magance shi ba. Ita turawa take yi, ba ta jifa. Mota mai gudu tana watsa dusa nesa, tarakta mai tafiyar kilomita 8 a awa kuwa ajiye ta take yi a gefe kusa. Ko da yake an tura dusar farko can nesa da bakin hanya, zuwa ƙarshen hunturu ganuwar ɓangaren tudu ta yi tsayi ta daskare, sabuwar dusa tana hawa tana gangarowa, hanyar ta matse a wurare biyu. Nan yake sauke garma ya ɗauki bokiti ya ɗebe ganuwar, aikin da kan cinye masa yini. Yana tunanin ƙara injin watsa dusa a baya, wanda sandar juyi mai zagaye 540 a minti ke tuƙawa, ya maye gurbin akwatin nauyin. In ya yi haka sai an sake duba nauyin da ke kan tayoyin gaba, domin injin ya fi akwatin nisa daga aksul ɗin baya.